Tsakanin Lakca da Zumunci: Jagora Ga Ɗalibin Jami'a a Jos

A ajina na biyu a jami'a na kwaso kariyoba ta farko, wato kos ɗin da aka faɗi sai an maimaita shi, kuma har yau ina iya lissafa ranakun da na sayo ta da hannuna. An sa mana tes ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe. Ranar Juma'ar da ta gabace ta aka ɗaura auren ɗan kawuna a Bukuru, ni kuwa ina sahun gaba a abokan ango. Asabar aka yi walima, Lahadi da daddare aka kai amarya, muka tsaya sayen baki. Sai wajen sha ɗaya da rabi na shigo gida, na buɗe handawut mai shafi arba'in ko hular anko ban cire ba. Ban kai shafi na uku ba barci ya yi awon gaba da ni. Maki 5 na ci cikin 30.

Abin da ya fi ci mini rai daga baya shi ne, babu ɗaya a cikin biyun da ya zo mini ba zata. Tun da wata uku aka sa ranar bikin. Tes ɗin ma mako biyu cur malamin ya ba mu. Kowanne yana cikin kaina, amma ban taɓa ɗora su a kan takarda ɗaya na ga za su yi karo ba.

Yawancin shawarar da ake ba ɗalibi ba ta wuce "ka rage yawo, ka riƙe karatunka". Wannan ta dace da wanda hulɗarsa da jama'a shaƙatawa ce kawai. Mu kuwa rabin fitarmu hakki ne: suna, biki, dubiya, jana'iza, gaisuwar mutuwa, aiken iyaye. Ka ƙi leƙa gidan Gwaggo sau biyu ka ji abin da za a ce, wai tun yanzu boko ya sa ka fi ƙarfin dangi. Don haka wannan jagorar ba ta yanke zumunci ba ce. Ta koyon yadda ake biyan kowane bashi ce a lokacin da ya fi arha.

Fara da sanin yadda ake auna ka

Kafin ka tsara komai, ka san inda maki yake fitowa. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'inmu ke bi, 70 zuwa sama A ce, darajarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, 4. Daga 50 zuwa 59 C, 3. Daga 45 zuwa 49 D, 2. Daga 40 zuwa 44 E, 1. Abin da ya gaza 40 faɗuwa ce, sifili. Ana ninka darajar da yunit ɗin kos, wato nauyin da aka ba shi, a tara duka, a raba da jimillar yunit. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, mai daraja ta biyu babba daga 3.50, ƙarama daga 2.40.

Ga abin da lissafin yake nufi a aikace. A ce kana ɗauke da yunit 20 a zango. Kos mai yunit 3 da za ka iya cin B a cikinsa ya kuɓuce maka ka faɗi, maki 12 ke nan suka tafi, wato 0.6 daga sakamakon zangon nan gaba ɗaya. Sannan kos ɗin zai biyo ka baɗi ya hau kan na ajin gaba, alhali yawanci ba a barin ɗalibi ya wuce yunit 24 a zango. Wanda kuma ya gama aji ɗaya da 2.00 a karatun shekara huɗu, in yana son fita da 3.50, sai ya riƙa cin B a kan kowane kos har shekara uku a jere, in nauyin shekarun ɗaya ne. Shi ya sa shekarar farko, wadda ake ɗauka ta sanin gari da yin abokai ce, ta fi kowacce tsada.

Abu biyu kuma ka tambaya tun makon farko. Maki nawa malamin ya ware wa tes da asamen, 30 ko 40? Sannan yaya yake ɗaukar sunan masu halarta? Dokar halartar kashi 75 cikin 100 na lakca tana rubuce a yawancin jami'o'i. Wani malamin ba ya waiwayarta, wani kuwa da ita yake tsayawa a bakin ƙofar zauren jarrabawa. Ka san wanne ne wanne tun kafin ka yi tunanin tsallake lakcar Juma'a don ɗaurin aure.

Ƙirga awoyinka, kada ka yi wa kanka ƙarya

Mako ɗaya awa 168 ne. Cire 49 na barci, awa bakwai kowane dare. Cire 20 na lakca, masu shiga ɗakin gwaji su ƙara. Cire kamar 8 na hanya, don wanda yake tasowa daga Rikkos ko Gangare ko Tudun Wada, ga jiran keke, ga cunkoson Terminus da na Farin Gada, ba ya rasa kashe awa ɗaya da rabi a rana. Salla, wanka, cin abinci da wanki, a ba su 21. Aikin gida ko zaman shago, 10. Duka 108 ke nan. Saura 60.

In ka ba karatun kanka awa 22 a mako, wato uku a rana da ɗan ɗoriya, kana da saura 38. Wannan ya ishi majalisa, ƙwallo, zance, biki da hutu, har a yi canji. To ina suke tafiya? Buɗe wayarka. A Android akwai Digital Wellbeing, a iPhone akwai Screen Time, za su nuna maka awa nawa ka yi a WhatsApp da TikTok da Facebook a makon jiya. Ranar da na fara duba tawa shiru na yi na mayar da ita aljihu. Yawancinmu ba dangi ne suke cinye mana lokaci ba, da sunansu kawai muke fakewa.

Takarda ɗaya, kalanda biyu

Wannan shi ne matakin da na tsallake har na sha kashi. Samo takarda babba, ka ja layi goma sha biyar ko sha shida, kowane layi mako ɗaya na zango. Da biro shuɗi ka rubuta na makaranta: ranar rufe rajista, makon da aka saba yin tes, ranar miƙa asamen, makon bita, ranar fara jarrabawa. Da jan biro ka rubuta na gida: bukukuwan da aka riga aka sa wa rana, matan dangi da ke dab da haihuwa, azumi, Salla ƙarama da babba, Kirsimeti da Ista ga mai yin su, taron ƙungiya, har wasannin da ka san ko ana ha maza ha mata sai ka kalla. Don cika jan layin nan, zauna da Inna minti goma. Ita ce ma'ajiyar ranakun dangi, ta san bikin da ba a ma buga katinsa ba.

Da ka gama za ka ga makonnin ba farashinsu ɗaya ba. Huɗun farko arha ne, lakca ba ta kankama ba, wasu malaman ma ba su fara shigowa ba. A nan za ka zuba ziyara: ka je Nasarawa Gwom wurin Kawu, ka kai wa Kaka goro, ka yi wa abokai wuni, in ana shirin hawa duwatsun Shere ko zuwa gandun namun daji a bi da kai. Tsakiyar zango, inda tes ke taruwa kamar sun haɗa baki, tsada ne. Ukun ƙarshe kuwa ba na sayarwa ba ne.

Duk inda shuɗi da ja suka haɗu a layi ɗaya, ka ja karatun baya da mako guda. Da na yi haka, da na gama handawut ɗin nan tun ranar Laraba, in je biki da zuciya ɗaya, Lahadi da safe in ɗan waiwaye shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Manna takardar a bango inda za ka riƙa ganinta, ka kuma ɗauki hotonta a waya, don ranar lakca da ta tes suna sauyawa. Abin da wakilin aji ya sanar a guruf, a take ka gyara.

Kafa wa karatu turke

Karatun da ba shi da lokacin kansa, kullum shi ake cewa ya jira. Zaɓi lokaci biyu da ba kowa ke neman ka a cikinsu ba. Na farko bayan sallar asuba. Babu mai gayyatarka biki ƙarfe shida na safe, guruf-guruf duk suna barci, gidan ma shiru. Matsalarsa ɗaya ce a garin nan, sanyi. Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu bargo yana da hujjoji masu ƙarfi. Maganinsa kada ka koma kan katifa da littafi, wannan yaudarar kai ce. Sa rigar sanyinka ta Katako da safa, haɗa shayi, zauna a kan kujera. Awa ɗaya da rabi a nan ta fi uku na bayan isha'i.

Na biyu shi ne ratar da ke tsakanin lakca da lakca. An fito ƙarfe goma, ta gaba sai sha biyu. A nan awoyi suke zubewa a gindin bishiya da wurin mai indomi. Ɗan Jami'ar Jos da ke da darasi a harabar Bauchi Road da safe, wani a Naraguta da rana, gara ya wuce can da wuri ya sami aji marar kowa ya zauna, da ya tsaya hira sai lokaci ya ƙure ya shiga kokawar mota.

Me za ka yi a lokutan? Abin da aka koyar yau, ka waiwaye shi yau ko gobe da asuba. Duk wanda ya yi hadda a Islamiyya ya san wannan, shafin da ba a yi wa muraja'a ba gudu yake. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna abin a kan kansa ya wallafa a 1885, ya nuna mantuwa ta fi gudu a awoyi da kwanakin farko, bita kuma tana rage mata sauri. Malaman allo ba su jira shi ba. Kuma ka yi bitar yadda ake ba da hadda: karanta, rufe littafin, faɗa ko rubuta abin da ka riƙe, sannan ka buɗe ka ga inda ka yi tuntuɓe. Bin layi da ido sau biyar yana sa mutum ya ji kamar ya iya, sai an ɗora masa takardar tambaya ya gane sanin fuska kawai ya yi wa darasin.

Wayar kuwa a sa ta a jaka, a kashe data. In handawut ɗin a cikinta yake, sauke shi tukuna.

Rarrabe hakkoki, ka kuma iya ba da uzuri

A nan aikin yake, don haka bari in daɗe.

Ba duk gayyata ce nauyinta ɗaya ba. Akwai wadda ba ta jira kuma ba a aika wakili: jana'izar makusanci, rashin lafiyar iyaye, ɗaurin auren wanda kuka fito ciki ɗaya. In irin wannan ta faɗo a kan tes, ka tafi, amma kafin ka tafi ko a ranar ka sanar da wakilin aji da malamin kos, a rubuce in da hali, kada ka bari sai bayan mako biyu ka zo da labari. Saboda irin waɗannan ne nake cewa kada ka cika jadawalinka maƙil. Bar yammaci ɗaya a mako babu komai a kansa. In ba abin da ya faru, ribarka ce. In ya faru, nan za ka zuba karatun da ya zube.

Akwai kuma mai faɗin ƙofa, wadda za ka iya shiga kafin ranar ko bayanta. Yawancin hidimominmu a nan suke, ɗalibai ne ba su lura ba. Suna sai kwana bakwai, kana da mako guda na zuwa barka. Zaman makoki kwana uku ne, gaisuwa kuma ba ta rufewa da tashinsa. Mara lafiya da ke kwance a asibitin koyarwa na Lamingo, dubiyar Alhamis da ta Asabar duk ɗaya ce a wurinsa. Biki kuwa shagulgula ne jere, kamu, sa lalle, ɗaurin aure, walima, dina, kai amarya. In ba kai ne babban aboki ba, ko ke ce babbar ƙawa ba, ɗaya ko biyu sun wadatar. Namiji ya halarci ɗaurin aure, ya yi musabaha da ango da iyayensa, a gan shi, a ɗauki hoto, ya fita hakki.

Sirrin shi ne ka riga ranar zuwa. Wanda ya zo kafin taro ana ganin ya damu, wanda ya zo bayan taro da uzuri a baki ana ganin kame-kame yake. Lokacin da 'yar Gwaggona ta haihu ana saura kwana biyar mu fara jarrabawa, washegari da yamma na je da sabulu sinƙi ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Gwaggo, na zo barka tun yanzu ne, don ranar suna ina zauren jarrabawa." Ta ce, "Ayya ɗan nan, ai ka kyauta. Allah ya ba da sa'a, ya sa a fito da sakamako mai kyau." Minti ashirin na yi. Ranar suna da aka tambaye ni, ita da kanta ta riƙa cewa ai ya zo, jarrabawa yake.

Sai ta uku, wadda in ba ka je ba babu wanda zai tuna: bikin ƙanwar abokin aboki, rakiyar wani kasuwa, taron murnar ranar haihuwar wanda ko sunan mahaifinsa ba ka sani ba. Waɗannan na makonnin arha ne.

Wajen ba da uzuri akwai wata ɗabi'a tamu da ya kamata a bari, wato cewa "in sha Allahu ina nan zuwa" alhali ka san ba za ka ba. Kunya ce take sa mu, amma ita ke ɓata zumunci, don an sa rai da kai. Faɗi gaskiya, ka haɗa da madadi: "Mutumina, dina kam ba zan samu ba, Litinin ina da tes. Amma da ni za a ɗaura, kuma ga gudummawata." Ba a cika jin haushin wanda ya faɗi ranar da zai zo ba.

Wanda ke zaune a gidan iyaye, nasa ya fi na ɗan hostal wuya, don ido na ganinsa, kuma duk wanda ido ke gani aikensa ake. Ba mugunta ba ce, ba su san jadawalinka ba ne. Ranar da na fara kai wa mahaifina jadawalin jarrabawa a takarda, na ce, "Baba, ga ranakun nan, daga nan zuwa nan ina roƙon a ɗauke mini zaman shago," duba takardar ya yi ya ce, "To, ƙaninka ya riƙe. Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?" Ban da amsa.

Ke kuma ɗaliba, na san naki ya ninka. Girki, wanke-wanke, rainon ƙanne, in da aure ga miji ga yara ga dangin miji. Abin da na ga ya yi wa 'yan ajinmu mata aiki shi ne gama karatu a makaranta kafin a dawo gida, don da an shigo an shiga hannun jama'a. Sai yin magana da wuri a kan rabon kwanakin girki da 'yan'uwa, a karɓi nasu a farkon zango, su karɓi naki a ƙarshe. Batun anko kuwa, ba kowanne ake yi ba. Ko mai karɓar rancen NELFUND, asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, naira 20,000 ne kuɗin kashewarsa a wata. Atamfa da ɗinki da gudummawa na biki ɗaya sun isa su lashe shi, a bar ki da ciwon kan kuɗin mota da na fotokwafi.

Majalisa, ƙwallo da zance

Ban ce ka bar majalisa ba. Wanda ya yanke abokai ya kulle kansa a ɗaki, yawanci kafin tsakiyar zango ya gaji, ya koma kwana a waya, ba karatun ba hirar. A majalisa ake jin labarin aiki, a can ake samun mai rantawa ranar da aljihu ya bushe. Illarta ɗaya, ba ta da lokacin tashi. To kai ka yi mata. Salla ta riga ta yanka mana yini gunduwa-gunduwa, yi amfani da ita: daga magariba zuwa isha'i kana wurin mai shayi, ana idar da isha'i ka yi sallama daga ƙofar masallaci. Kada ka koma benci "ɗaukar hula". Makon farko za a yi maka tsiya, a kira ka Farfesa. Mako na uku sun saba, su da kansu za su ce maka lokacinka ya yi.

Ƙwallo minti 90 ce a fili, amma a gidan kallo awa uku ce, in an haɗa da zuwa da wuri don samun wuri da musun bayan tashi. Gasar Ingila a ƙarshen mako, ta zakarun Turai Talata da Laraba da ƙarfe takwas ko tara na dare. Mai bin duka ya ba da awa goma sha biyu a mako bai sani ba. Zaɓi wasan ƙungiyarka kaɗai, sauran ka ga ƙwallayen a waya da safe. In kuma Plateau United na wasa a gida ranar da ba ka da nauyi, je ka sha iska.

Zance ma a sa masa rana. Kiran dare na awa biyu kullum shi ne babban ɓarawon asuba. Wadda take son ka da gaske, ko wanda yake son ki da gaske, in an ce jarrabawa saura mako biyu zai rage da kansa. Wanda ya yi fushi a kan haka ya ba da amsar wata tambayar da ba a yi masa ba.

Haɗa biyun wuri ɗaya

Hanya mafi sauƙi ta samun abokai ba tare da asarar karatu ba ita ce abokan su zama na karatun. Mutum uku zuwa biyar, kada a wuce, don daga shida an zama majalisa. A raba babi, kowa ya karanto nasa ya zo ya koyar, a bi tambayoyin shekarun baya, a sa lokacin farawa da na tashi. In an gama a tafi cin dankali da ƙwai tare, hirar ta fi daɗi a lokacin.

Kada kuma guruf ɗin ya zama 'yan unguwarku zalla. Aji a Jos ya tara Birom, Angas, Tarok, Afizere, Anaguta, Bahaushe, Bafulatani, Ibo da Bayarabe, kuma da yawansu Hausa ce ke haɗa su da an fito daga lakca. Wanda ya fi taimaka mini a lissafin ƙididdiga ɗan Pankshin ne. Shi ma yana fama da nasa, koyon waƙa a coci Laraba da Asabar, sujada Lahadi, ga taron matasa. Muka daidaita a kan Talata da Alhamis, in lokacin salla ya yi ya jira ni, ni ma ban taɓa sa mana zama ranar Lahadi da safe ba.

Ƙungiyoyi suna da amfani. MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi da aka kafa tun 1954, da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista, da na sashe, sukan shirya darasin ƙari kyauta ga 'yan aji ɗaya, je ka amfana. Amma muƙami ɗaya ya isa, shi ma daga aji biyu, bayan ka ga sakamakonka na farko. Na ga wanda ya riƙe sakatare a ƙungiya uku, kowa ya san shi a makaranta, 'yan ajinsa suka tafi bautar ƙasa suka bar shi yana cike gurbi.

Abin da garin yake koyarwa

Jadawalin ɗalibin Jos da fensir ake rubuta shi. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa na iya tsare ka a inda kake awa biyu, wani lokacin har da ƙanƙara, don haka kada jakarka ta rabu da abin karantawa. Sannan mun san garinmu, akan wayi gari da dokar hana fita. A Agustan 2021 sai da aka dakatar da karatu a Jami'ar Jos, jihohi suka riƙa aiko da motoci suna kwashe ɗalibansu. Saboda haka duk fitar dare ka san hanyar dawowarka, wani a gida ko a ɗaki ya san inda kake, in ka ji gari ya yi wani iri ka haƙura da taron. Karatun kwana a aji, wanda ake kira TDB, ni ban ga ribarsa ba ko a lokacin lafiya: ka kwana kana gyangyaɗi cikin sanyi, ka shiga jarrabawa kai na sarawa.

Ga yajin aiki kuma. Na ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, a 2022 ya fara 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas. In irin wannan ta faru, zumunci da sana'a su samu rabonsu, amma a riƙa buɗe littafi ko awa ɗaya ce a rana, don in an dawo akan matse zangon, tes da jarrabawa su zo a guje.

Azumi in ya faɗo cikin zango, mayar da karatu mai nauyi bayan sahur da asuba, la'asar a bar wa abin da ba ya buƙatar ƙwaƙwalwa sosai. Tafsiri ɗaya ka zaɓa ka lizimta. Shan ruwa a gidajen dangi kuwa ziyara ce da ba ta cin lokaci, tunda dole ka ci abinci ko a ina ne.

Makonni ukun ƙarshe, da abin da ke bayansu

Jarrabawa saura mako uku, ka sanar. Faɗa wa gida, faɗa wa majalisa, faɗa wa wadda kake zuwa wurinta, da ranar da za ka gama. Guruf-guruf na WhatsApp a sa su shiru, ban da na aji. Barci kada ya gaza awa shida. Juma'a bayan masallaci ka ɗan tsaya a gaisa, rabin awa, don kai ma ka ji kana cikin mutane.

In kuwa ka riga ka makara, tes ya wuce ka ci 5 cikin 30 irin nawa, kada ka ɓoye. Je wurin kodinetan ajinku tun kafin jarrabawa, ka lissafa makin da kake buƙata a kowane kos, ka fi ba masu yunit da yawa ƙarfi, ka nemi wanda ya iya ya zauna da kai.

A bayan littafinka ka buɗe shafi guda na bashi. Duk wanda ka ba uzuri a makonnin nan, rubuta sunansa: wanda aka yi wa rasuwa ka yi gaisuwa ta waya, amaryar da ba ka je ganin ɗakinta ba, abokin da ya yi rashin lafiya. Ranar da ka ajiye biro a takarda ta ƙarshe, yi barcinka, washegari ka ɗauki shafin ka fara bi gida-gida. Nawa na zangon da ya biyo bayan kariyobar nan suna bakwai ne a ciki. Na fara da Bukuru, gidan ɗan kawun nan nawa, na tarar matarsa har ta fara laulayi. Na ciro takardata ta zango mai zuwa, na ƙirga watanni da yatsa, na sa jan biro a layi na goma sha ɗaya.